Kafin Ka Ce Allon Ya Ƙone

Ƙanena, tunda ka zaɓi ka haɗa jirgi maras matuƙi da hannunka maimakon ka sayi haɗaɗɗe, to ko ba daɗe ko ba jima wata rana tana nan tafe. Za ka soka kebul a allon sarrafa jirgin, ka danna Connect, kwamfuta ta yi kunnen uwar shegu da kai. Ko kuwa kana tsakiyar sabunta manhajar cikinsa aikin ya tsaya cak, jan rubutu ya fito, allon da ɗazu yake ƙyafta fitilu ya yi tsit. A nan ne yawancin samari ke yanke hukunci su ce ya ƙone. Hukuncin nan kuwa a wajenmu da tsada yake, don ba kaya ba ne da za ka leƙa shagon bakin titi ka ɗauko. Odarsa ake yi daga Sin, a biya da dala, a zauna jiran makonni. Abin da nake so ka ji daga bakina shi ne, da wuya kebul da kwamfuta su kashe allon nan. Alluna da yawa da ke kwance cikin kwali da sunan sun mutu lafiyarsu lau, mai su ne bai san ta inda ake shiga ba.

Ɗaga allon ka duba baƙar ƙwayar nan mai kusurwa huɗu da ta fi sauran girma. Galibi za ka ga an rubuta STM32 a kanta, sai lamba: F405, F411, F722 ko H743. Kamfanin STMicroelectronics ne ke yin su, haɗin gwiwar Faransa da Italiya. A 'yan shekarun nan AT32F435 ta kamfanin Artery ma ta shigo, Betaflight ta fara karɓarta daga fitowa ta 4.5 a 2024. Kusa da babbar ƙwayar akwai wata 'yar mitsitsiya mai jin juyi da karkata, irin su MPU6000, ICM-42688-P ko BMI270, wadda 'yan harka ke ce wa jairo. Babbar tana sauraron ƙaramar sau dubbai a daƙiƙa guda, tana gaya wa kowane injin farfela ya ƙara ko ya rage. Manhajar da ke wannan lissafi ita ce Betaflight, ko INAV, ko ArduPilot. Betaflight ta ɓalle ne daga Cleanflight a 2015, Cleanflight daga Baseflight, ita kuma daga MultiWii, wadda aka faro da na'urorin jin motsi da aka ciro daga abin wasan Nintendo Wii. Na kawo maka wannan salsala ne don ka san 'yan sa-kai ne ke rubuta manhajar, kamfanoni barkatai kuma ke ƙera alluna a kanta. Babu wani ofishi guda da za ka kai kuka. Kai ne mai jirgi, kai ne bakanike.

Ƙwayar nan kamar gida take mai ƙofa biyu. Ƙofar zaure, manhajar da aka ɗora ce ke buɗe ta: Betaflight ta tashi, ta sanar da kwamfuta cewa ga ta, Windows ta ba ta lamba, COM3 ko COM7 ko makamancin haka, ta nan kake shiga kana canza saiti. In manhajar ta lalace, ko an goge ta, ko an ɗora wadda ba ta allon ba, to babu mai buɗe zaure. Amma akwai ƙofar baya wadda tun a masana'anta aka gina ta. Wata 'yar manhaja ce da kamfanin ya rubuta a wani sashe na ƙwayar da filashin ba ya kaiwa gare shi, aikinta kawai ta karɓi sabuwar manhaja ta zuba. Idan ƙwayar ta farka ta tarar da wuta a ƙafarta mai suna BOOT0, ba ta ko waiwayar Betaflight, can take nufa. Wannan yanayi shi ake kira DFU, kuma ɗan maɓallin nan na gefen allo, ko ɗigon tagulla biyu da aka rubuta BOOT kusa da su, don shi aka sa su. Saboda haka ko an ɗauke wuta filashin yana rabi, ko ka ɗora manhajar wani allo daban, hanyar gyara tana nan ba ta toshe ba. Duk lokacin da abu ya cije, fara tambayar kanka wace ƙofa kake bugawa a cikin biyun.

Kafin ƙofa ma akwai kebul, kuma da shi za ka fara ko da ranka na gaya maka matsalar ta fi haka girma. A cikin kebul ɗin USB na yau da kullum silin waya huɗu ne: biyu na wuta, wato bolt 5 da nagatif, biyu kuma na bayanai, D+ da D-. Kebul ɗin da ke zuwa da fitilar caji, da ƙaramar fanka, da fawa-banki mai araha, sau da yawa silin wuta kawai ke ciki, an yi tsimin tagulla. Daga waje ba ka bambance su. Ka soka, fitilun allo su kama, ka ce ai kebul na aiki. Fitila ba shaida ba ce. Iyakar abin da ta gaya maka shi ne bolt 5 ya iso. Gwajin kuwa ba wuya: haɗa wayarka da kwamfuta da wannan kebul ɗin. In ka iya buɗe hotunan cikinta, yana ɗaukar bayanai. In caji kawai take yi, ajiye shi gefe. Wanda ya ci gwajin ka naɗa masa salatif mai launi ka ɓoye shi cikin kayan aikinka, don kebul mai kyau a gidan yawa ba ya kwana inda aka ajiye shi.

USB-C ya zo da tasa rigimar. Idan bakunan kebul duka biyu na C ne, kwamfuta ba ta sakin wuta sai ta ji wasu rezista biyu masu kilo'om 5.1 a jikin abin da aka jona. Wasu masu ƙera alluna sun bar su, ko don mantuwa ko don ragin kuɗi. Irin wannan allo in ka jona shi C da C ko fitila ba za ta kama ba, sai ka rantse ya mutu. Sa masa kebul mai faffaɗan baki na A a ɓangaren kwamfuta, nan take zai farka, don bakin A kullum da wutarsa. Ka kuma jona kai tsaye a jikin kwamfuta, ban da abin nan mai rarraba baki ɗaya ya zama huɗu.

Sai bakin USB na allon kansa. Jirgin da ke sauka a fili lokacin hunturu yana kwasar ƙura, ita kuwa ƙura tana danƙarewa a ƙuryar ramin har kan kebul ya kasa shiga ƙarshe. Cire batir, haska da fitilar waya, ka sa tsinken sakace a hankali ka yaye ta. Ban da allura, ƙarfe ne, yana lanƙwasa haƙoran ciki. Bayan haka soka kebul ka ɗan motsa shi da yatsa. In fitilu na ɗaukewa suna dawowa, dalmar da ta riƙe bakin ta tsage, abin da faɗuwar jirgi ke yawan jawowa, musamman a tsofaffin alluna masu bakin micro.

In ka gamsu da kebul da baki, daina kallon Betaflight Configurator, manhajar kwamfutar da kake danna Connect a cikinta, tukuna. Buɗe Device Manager, ka ƙara sautin kwamfuta, ka zuba ido kan jerin, sannan ka soka. Ɗayan abu uku za ka gani. Ko dai babu ƙara, jerin bai ko girgiza ba, wato kwamfuta ba ta san an jona komai ba, har yanzu maganar kebul ce ko baki ko wuta. Ko kuwa ka ji ƙarar nan, jerin ya ƙyafta, wani layi ya fito ƙarƙashin Ports da lambar COM a ƙarshensa, wato allo da kebul da direba duk lafiya. Ko kuma wani abu ya fito da alamar ruwan ɗorawa a gefensa. A nan ka karanta da kyau. Idan sunansa ya fito sosai amma da alamar, direba ne babu. Idan kuwa Unknown USB Device aka rubuta, da ƙarin bayanin Device Descriptor Request Failed, to kwamfuta ta tambayi allon sunansa ne ba ta ji amsa mai ma'ana ba, kuma direba ba ya maganin wannan. Silin bayanai ne ke da rauni, ko wuta ba ta isa ba, ko manhajar ciki ta rikice. Samari kan kwana suna sauke direbobi a kan cutar da ba ta direba ba.

Wani abu da ke rikita sabon shiga shi ne, a idon Windows allonka na'ura biyu ce daban-daban. In Betaflight ce ta buɗe, lambar shaidarsa 0483 da 5740. In DFU ya shiga, lambar ta koma 0483 da DF11, sunan kuma ya zama STM32 BOOTLOADER, ko DFU in FS Mode a kan irin su H743. Kowanne da direbansa. Na farkon, Windows 10 da 11 suna zuwa da shi, amma tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 sai an sa mata na ST da hannu. Na biyun shi ne mai gardama. Shi ya sa za ka ga allo na haɗuwa lafiya, kana canza saiti, amma da ka danna Flash Firmware sai ya ɓace. Ba ɓacewa ya yi ba. Ya bar zaure ne ya koma ƙofar baya yana jiranka, Windows ce ba ta gane shi a can ba. Maganin shi ne ImpulseRC Driver Fixer, wadda ke yin aikin da kanta, ko Zadig, inda za ka sa allon a DFU, ka zaɓi List All Devices, ka nemo STM32 BOOTLOADER, ka ɗora masa WinUSB. Ka natsu a wajen zaɓen nan. Jerin Zadig ya haɗa da linzamin kwamfutarka da allon rubutunta da kyamararta, duk wanda ka zaɓa kuwa shi za ta canza wa direba ba tare da ta yi maka musu ba. Kada kuma ka ɗora WinUSB a kan allon alhali ba ya DFU, don za ka rasa lambar COM ɗin da kake da ita. Ƙwayar AT32 direbanta na DFU daban ne, na Artery. Tsofaffin alluna irin su Naze32 kuma wata ƙwaya ce ta Silicon Labs ke yi musu tafinta, sai an sa direban CP210x.

Masu Linux nasu ya fi sauƙi: allon kan fito da sunan ttyACM0, sai dai a sa mai amfani cikin rukunin dialout, a kuma lura da ModemManager da kan ɗauki allon a matsayin modem ta riƙe shi. A kowace kwamfuta dai, lambar COM manhaja ɗaya take saurara a lokaci guda. In Configurator biyu ne a buɗe, ko manhajar saita ESC masu sarrafa gudun injina, ko Cura ta masu injin ɗab'in 3D wadda ta shahara da leƙa kowace kafa, rufe su duka ka sake gwadawa.

Duk wannan ba zai yi maka amfani ba in kana canza abu uku a lokaci guda. Na san yadda zuciya ke yi idan abu ya ƙi: a canza kebul, a canza rami, a sa sabon direba, a kashe kwamfuta a kunna, duk a numfashi ɗaya. In ya yi aiki ba ka san me ya gyara shi ba, gobe ya dawo ka koma farko. In ya ƙi kuma ba ka san ko ka ƙara wata ɓarnar a kan ta da ba. Canza abu guda, gwada, rubuta abin da ka gani a takarda. Takardar nan ita za ka nuna wa wanda ya fi ka sani ranar da ka je tambaya, don "yaya, allona ya ƙi yi" ba tambaya ba ce da wani zai iya amsawa. Faɗi sunan allon, da lambar manhajar, da abin da Device Manager ya rubuta harafi da harafi.

Shiga DFU da hannu kuwa ga yadda yake. Cire batir, cire kebul daga allo amma ka bar ɗaya bakin a kwamfuta. Danne maɓallin BOOT da farce ko da tsinke har ka ji ɗan ƙas ɗin nan, ka riƙe, sannan da ɗaya hannun ka soka kebul. Jira daƙiƙa biyu ka saki. Tsarin shi ne dannawa kafin wuta, don ƙwayar sau ɗaya take duba ƙafar BOOT0, lokacin farkawa. Wanda ya soka kebul sannan ya danna ya makara. In allonka ɗigo biyu gare shi ba maɓalli ba, haɗa su da bakin hantsaki. Alamar ka dace ita ce fitilar wuta ta tsaya cak, mai ƙyaftawar nan ta yi shiru, a saman Configurator kuma inda COM yake fitowa ka ga DFU. Idan allon na haɗuwa lafiya ma ba sai ka taɓa maɓalli ba, rubuta bl a shafin CLI na Configurator zai kai ka can.

Akwai kuma lokacin da ka yi komai daidai DFU ya ƙi fitowa, kuma dalilin na da ban sha'awa. 'Yar manhajar nan ta masana'anta ba USB kaɗai take saurare ba. Tana kasa kunne a wasu kafofin UART ma, kuma duk wanda ya fara yi mata magana shi take bi. To a kan waɗannan kafofi ne muke liƙa risiba da GPS, alluna da yawa kuma suna ba su wuta daga USB. GPS ba ya jiran a tambaye shi, da ya samu wuta sai surutu. Sai manhajar ta zaci shi ne mai kawo sabon saƙo, ta juya wa USB baya. Zare filogin GPS da na risiba, ko ka cire silin TX ɗinsu na ɗan lokaci, ka sake gwadawa. Cire su yana da wata fa'idar: bakin USB 2.0 miliamfa 500 aka yi masa alkawari, in kaya sun yi wa allon yawa wutar kan faɗi ya riƙa mutuwa yana farkawa. Zafi ma na da hannu. A kan F405, manhajar masana'anta tana auna kiristal ɗin allon ne da agogon cikin ƙwayar, shi kuwa agogon nan yana kaucewa in ya yi zafi. Allon da ya sha rana a fili cikin watan Afrilu, ko ya daɗe jone da batir a kan tebur, bar shi ya huce gaban fanka kafin ka yanke masa hukunci.

Yanzu ga tambayar da ya kamata ta zo kafin duk wannan: me ya sa kake son yin filashin ɗin ma? A harkar wayar hannu an saba, waya ta yi gardama a ce a yi mata filashin. Kada ka kawo wannan ɗabi'a nan. Jirgin da ke rawa a sama, ko injinsa ɗaya na zafi, ko rimot na yankewa, galibi farfela ce ta lanƙwashe, ko dunƙulen dalma ya saki, ko eriya ta karye. Sabuwar manhaja ba ta ɗaure sukurun da ya kwance. Kuma jirgin da ke tashi lafiya, don kawai an fitar da sabuwar lamba ba dalili ba ne na taɓa shi, balle a daren da gobe kake da aikin ɗaukar hoto. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka sabunta idan akwai abin da kake buƙata wanda tsohuwar ba ta da shi, ko an gyara wani kuskure da ya shafe ka, kuma ka yi shi ranar da kake da sarari.

In ka ƙudura, to tun allon na magana ka shiga CLI ka rubuta diff all, ka adana abin da ya fito a fayil mai ɗauke da sunan jirgin da kwanan wata. A saman rubutun akwai layin board_name. Wannan suna shi ne gaskiyar allonka, ba abin da mai sayarwa ya rubuta a talla ba. Lamba ɗaya na raba alluna: SpeedyBee F405 V3 jairon BMI270 gare shi, V4 kuma ICM-42688-P. Ɗora na wannan a kan wancan, allo zai iya haɗuwa da kwamfuta amma hoton jirgin da ke shafin Setup ya ƙi motsi in ka karkata shi, alamar jairo ta dushe. Mutane da yawa a nan suke cewa jairo ya ƙone, alhali manhajar ce ke neman sa inda ba ya nan. Maɓallin Auto-detect na taimakawa, amma ka gwada abin da ya zaɓa da abin da ka adana.

Tun daga Betaflight 4.4, wadda ta fito a farkon 2023, ba a ba ka manhaja dafaffiya. Kai ke zaɓar abin da kake so a ciki, yaren risibarka ko CRSF ne ko SBUS, da GPS, da fitilun ado da sauransu, sai a haɗa maka ita a intanet a turo. Dalili shi ne ƙwayoyi irin F411 da F722 kilobayit 512 kawai gare su na ajiya, manhajar kuwa ta yi ƙiba ta fi ƙarfinsu, F405 ce mai megabayit 1, H743 mai 2. Wannan tsari ya haifar da sabon tarko: in ka manta ba ka zaɓi yaren risibarka ba, filashin zai kammala lafiya amma rimot ya ƙi jin kira, kai kuma ka hau warware dalma a banza. Game da intanet ɗinmu mai zuwa da komawa, kwantar da hankalinka, sai fayil ɗin ya sauka gaba ɗaya ake fara rubutawa a ƙwayar, yankewar sabis ba ta taɓa allon. Duk da haka ka adana kwafin fayil ɗin don ranar da babu data. Abin da ke katse filashin da gaske shi ne kwamfutar da batirinta ya mutu tana rayuwa da wutar soket, a ɗauke wuta ta mutu nan take, ko kebul mai sako-sako da gwiwarka ta taɓa. In hakan ta faru, maɓallin BOOT, DFU, ka kunna Full chip erase, ka sake daga farko.

Bayan an gama, kada ka kwashi tsohon diff ɗin nan ka juye shi dungurungum cikin sabuwar manhaja in lambar ta yi tsalle, kamar daga 4.2 zuwa 4.5. Sunayen saiti na canzawa, ma'anar lambobin tace girgiza ma haka, tsohon saiti a sabuwar manhaja na iya sa injina su yi zafi har su ƙone. Buɗe fayil ɗin a gefe, ka kwafo abin da ya shafi jikin jirginka kawai: wace UART ke ɗauke da me, maɓallan rimot, yadda allon ya fuskanta, tsarin rubutun kan hoto. Sauran ka bar na sabuwar. A shafin Ports kuma, layin farko mai suna USB VCP, kada ka kashe MSP ɗinsa, da shi allon ke magana da kwamfutarka.

Mai sayen na hannu ya duba lambar ƙwaya kafin ya biya. Betaflight ta daina tallafa wa F1 bayan 3.2, F3 kuma bayan 4.0. Suna tashi har gobe da tsohuwar manhaja, amma ba za ka same su a jerin sababbi ba, kuma ba lalacewa suka yi ba. Haka nan in allon da ka saya ya ba da lambar COM amma Betaflight Configurator ta ƙi shi, wataƙila INAV ce a ciki, mai nata Configurator, ko ArduPilot, wadda yarenta MAVLink ne, da Mission Planner ko QGroundControl ake yi mata magana. ArduPilot tana da tata manhajar tayarwa da ake zubawa a karon farko ta DFU, da fayil mai with_bl a sunansa, galibi da STM32CubeProgrammer. In kana son komawa Betaflight, ta DFU ɗin dai za ka bi.

Maganar da ba na sassautawa a kanta ita ce farfela. Duk lokacin da jirgi ke kan tebur kuma batir zai shiga, cire su, duka huɗun. Saita ESC ta cikin allo sai da batir, gwada injina ma haka, kuma sabuwar manhaja mai saitin da ba ka duba ba tana iya tayar da su ba sallama. Batir mai sel 6 in ya cika bolt 25.2 ne, farfelar inci 5 a wannan ƙarfi tana yanka yatsa har ƙashi. Na'urar aika hoto kuma kada ta samu wuta babu eriya, kada kuma ta daɗe a kunne babu iska, don da iskar tashi aka tsara ta huce. Sa mata fanka, ko ka zare ta.

To yaushe allo ke mutuwa da gaske? Mita ce za ta faɗa, ba zuciya ba. Jona USB kaɗai, ka auna tsakanin ɗigon 3V3 da GND, ya kamata ka ga kusan bolt 3.3. In babu, cire kebul, juya mita zuwa wajen ƙara, ka taɓa ɗigon biyu. Ƙara mai ɗorewa na nufin shot. Ko a nan kada ka yi saurin kuka: warware risiba, da GPS, da kyamara, ɗaya bayan ɗaya, kana sake aunawa, don sau da yawa shot ɗin a jikinsu yake, ko wani ɗan ɗigon dalma ne ya faɗa tsakanin ƙafafu biyu. Cire allon ma daga jikin firem, don wutar lantarki na bi ta kabon ɗin da aka yi shi da shi. In allon ya rage shi kaɗai, shot na nan, ƙwayar STM32 kuma na ƙona yatsa cikin 'yan daƙiƙu da wutar USB kawai, to wannan kam ta tafi. Abin da ke kashe ta kusan kullum wutar batir ce da ta bi inda bai kamata ba: an juya fozitif da nagatif, ko silin batir ya goga wani ɗigo. Shi ya sa haɗin farko bayan kowane aikin dalma ake yin sa ta cikin abin kariyar nan mai fis ko ƙwan fitila da ake sawa tsakanin batir da jirgi.

Idan bakin USB ne kawai ya ɓalle, allon bai mutu ba. Masu gyaran waya, irin na kasuwar Farm Centre a Kano da takwarorinsu na kowane gari, aikinsu ke nan kullum, suna da iskar zafi da madubin ƙara girma da hannun da ya saba. Kai musu allon tsirara, ka roƙi a rufe barometa da filogan roba kafin a hura zafi. In layukan tagullar sun yage tare da bakin, akwai sauran hanya: 'yar na'urar USB zuwa UART mai bolt 3.3, a haɗa TX da RX a gicciye kan kafar da MSP ke kunne, ko ST-Link a kan ɗigon SWDIO da SWCLK in allon ya fito da su.

Ranar da komai ya dawo, Configurator ta haɗu da allon, kada murna ta kai ka fili kai tsaye. A Nijeriya tashin irin wannan jirgi na buƙatar izinin hukumar NCAA da sahalewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkar tsaro, kuma a halin da Arewa ke ciki, kusa da bariki ko filin jirgin sama ba wajen gwaji ba ne. Tun a ɗaki, farfela a cire, karkata jirgin gaba ka ga hoton Setup ya karkata gaba, dama ya bi dama. A shafin Motors tayar da injina ɗaya-ɗaya, ka tabbata na 1 shi ne na 1, kuma kowanne na juyawa ta inda zanen ya nuna, ɗan guntun salatif a kansa zai nuna maka. Sannan zare kebul, don Betaflight ba ta yarda a ɗana jirgi daga rimot alhali Configurator na jone. Sa batir, ɗana shi, injina na juyawa a hankali, ka kashe rimot ɗin gaba ɗaya. Cikin daƙiƙa biyu ya kamata su tsaya. In suka ci gaba da juyawa, cire batir, ka koma shafin Failsafe da na Receiver, farfela kuma su ci gaba da zama a aljihu.